Sista Ta Kwana Duti, Ta Wuni Kotu

Ku matso kusa, jama'a, ku rage murya. Maganar yau ta masu fararen kaya ce, kuma kowa a cikinmu wata rana sai ya kwanta a hannunsu. Kada wanda ya ce a bakina ya ji, don ba na so ranar da zazzaɓi ya kai ni a zaɓo mini allura mai kauri.

Kwanakin nan majiyoyina na asibitocin Birnin Kebbi da Argungu sun hana kunnena sakat da magana ɗaya. Wai akwai wata takarda da ma'aikatan jinya ke tsoro fiye da takardar tuhuma daga ofis, fiye ma da ta canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da waya ba ta kamawa. Sammaci ke nan. Laifi ba su yi ba. Shaida ake kiran su su bayar, kan mutumin da aka kawo musu jina-jina suka ɗinke, ko yarinyar da aka lalata suka duba, ko wanda ya cika a gabansu cikin dare suka rubuta ƙarfe nawa rai ya fita. 'Yar takarda ce falle ɗaya, amma in ta shiga aljihun nas sai ta hargitsa rostar ɗaki guda har ƙarshen wata.

Ga wanda ya fi zafi cikin labaran da aka raɗa mini. Wata sista ce, sunanta da na asibitinta suna cikina, kuma nan za su zauna. Lokacin noman rani aka yi faɗa a fadama kan iyakar gonar shinkafa, aka kawo mutum an sare shi a ka, tsakar dare, tana bakin aiki. Ta tsayar da jini, ta wanke, ta ɗinke, sannan ta buɗe babban littafi ta rubuta lokacin da aka kawo shi, da waɗanda suka kawo shi, da girman raunin, ta sa hannu. Likita ya zo ya duba, ya rubuta nasa rahoton. Magana ta wuce, ita har ta manta.

Ashe ba ta wuce ba. Watanni suka shuɗe, likitan ya samu aiki a Saudiyya ya yi gaba. Ita kuma aka ɗauke ta daga Birnin Kebbi aka mayar da ita wajen Argungu. Da shari'a ta tashi, mai gabatar da ƙara ya buɗe fayil ya ga hannu biyu, ɗaya yana ƙasa mai tsarki, ɗaya yana nan bakin Matan Fada. Ku da kanku kun san wanda za a aika wa masinja.

Ranar zaman ta faɗo tsakiyar dararen dutinta. A yawancin asibitocinmu mai dutin dare tana kamawa wajen takwas ko tara, ba ta sauka sai takwas na safe, shi ma in wadda za ta karɓe ta ba ta tsaya kai yara makaranta ba. Baiwar Allah ta miƙa aiki, ta zura hijabi kan yunifom, ta hau kabu-kabu zuwa tasha, ta zauna jiran mota ta cika. Tafiyar kusan awa ɗaya ce, amma jiran cikar motar yakan fi tafiyar. Ta isa kotu tana haki, ta samu benci ta zauna, tana gyangyaɗi tana farkawa duk sa'ad da aka kira wani suna. Sai wajen azahar magatakarda ya leƙo ya ce lauyan wanda ake ƙara yana da wata shari'a a Sakkwato, an ɗage zama. Ba wanda ya tambaye ta ko ta karya. Kuɗin mota, zuwa da dawowa, daga jakarta suka fito. Ta isa gida da la'asar sakaliya, ta ɗora tukunya, ta sallami yara, takwas na dare ta koma ɗaki. Majinyacin da ta ɗaura wa ruwa a daren nan bai san cewa mai ƙirga masa ɗigon ba ta runtsa ba tun jiya.

Ranar da aka ɗage zuwa kuma sai ta faɗo ranar awon masu ciki, tana dutin safe. Nan ne majiyata, wadda ta ce tana bayan labule tana jera magani, ta jiyo abin da ya gudana a ofishin metiron.

"Mama, ga ta sun sake aikowa."

"Ke ɗiyata, mi kike so in yi da wagga takarda? Mu huɗu muna riƙe da ɗakin ga. Guda ta haihu, guda tana karatu. In kin tafi, wa za shi tsaya da matan ga da sunka taho tun asuba daga ƙauye?"

"Mama, sun ce in ban je ba kama ni za a yi."

"To ki je. Amma ki nemo wadda za ta riƙe miki, ni ba ni da mutum."

Kada ku yi saurin zagin metiron. Gaskiyarta ce. Rostar nas a ƙasar nan zanen talaka ce, in ka ja ka rufe kai ƙafa ta fito. A watan Fabrairun 2024 shugaban hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya, Faruk Abubakar, ya faɗa da bakinsa cewa sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Shi ya sa hukumar ta fito da ƙa'idar sai an yi shekara biyu ana aiki kafin a tantance wa mutum takardun fita, har ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Waɗanda suka tafi daga manyan asibitoci sukan tafi, manyan asibitocin su ɗebo daga ƙanana, ƙananan su rage da metiron da mutum uku da ɗalibai. To a irin wannan ɗaki ne sammaci ke sauka.

"Ki nemo wadda za ta riƙe miki." Wannan jimla, jama'a, ita ta haifi wata kasuwa da ba ta da rumfa, kuma a nan tsegumin yake. Kasuwar canjin duti. An ce mini farashi a sane yake ga kowa, kodayake ba a rubuta shi ko'ina ba. Dutin safe na ranar aiki, ki biya da dutin safe. Dutin dare ɗaya, ki biya da safe biyu, ko ki haɗa da katin waya. Amma in kina cikin matsi, sammaci na hannunki, zama gobe ne, to sai abin da mai riƙewa ta yanka. Wata ta sayar da hutunta na ranar Sallah ƙarama don wuni ɗaya a kotu, kuma ranar ma ba a kira shari'ar ba. Wata a Argungu an ce ta jinginar da ranakun bikin kamun kifi tun ba a sa rana ba, ga gidansu cike da baƙi duk shekarar da aka yi bikin. Akwai wata hajiya, kowa a ɗakinsu ya san ta, da ke ajiye ɗan littafi a jaka tana rubuta waɗanda take bi duti. An ce rabin ɗakin na cikin littafin nan. In bikin dangi ya taso mata a Jega ko Gwandu, sai ta buɗe shafi ta kira suna, wadda aka kira ba ta da bakin musu. Ita kam kotu ta yi mata rana, har addu'a ake zargin tana yi a ƙara ɗage shari'o'i.

Maza ma ba su tsira ba. Wani nas da ke ɗakin haɗari, wurin da ake fara sauke waɗanda mota ta buge da waɗanda aka sara, an ce shi ya fi kowa tarin sammaci, har abokan aikinsa sun laƙaba masa Barista. Yana dariya in an kira shi, amma majiyata ta ce ya fara neman a mayar da shi ɗakin ido.

Sai kuma abin da gari ke yi da labarin. Masinjan kotu ba ya zuwa a ɓoye. Yakan shigo ɗaki da rana tsaka, gaban majinyata da masu jinya, ya ɗaga murya: "Ina Sista wance? Ga sammaci daga kotu." Kafin ta gama sa hannu, wata tsohuwa mai jinyar jikanta ta riga ta kira gida. Kafin magariba labari ya kai unguwa cewa an kai sista ƙara. Kafin isha'i ya zama wai allura ta yi wa yaro ya mutu. Wata da abin ya faɗa wa, an ce kishiyarta ce ta fara kai wa uwar miji rahoto, da murya mai tausayi: "Inna, ku sa Yaya a addu'a, an ce gobe za ta gaban alƙali." Maigidan kuwa, wanda da ma dutin dare ke ci masa rai, ya samu abin riƙewa. Da dare ba ki nan, da rana kina kotu, to yaushe kike matar aure? Sai da ta kai shi ya ga takardar da idonsa, wani ɗan makaranta ya karanta masa cewa shaida ce, sannan gida ya lafa. Kishiyar dai har yau ba ta janye addu'ar ba.

To me doka ta ce? Abin da ta ce wa mai shaida a fili yake: in an ba ka sammaci ka ƙi zuwa ba da hujja ba, alƙali na da ikon sa a kamo ka. Wannan ɓangaren yana aiki sarai. Ɗaya ɓangaren ne ke barci. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, ta tanadi a biya mai shaida kuɗin ɗawainiyarsa. Ta kuma ce in an fara shari'a a riƙa yi kullum, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar, kada tsakanin zama da zama ya wuce kwana 14 na aiki. Ku je ku karanta wa sistar nan tamu wannan, ku ga irin kallon da za ta yi muku. Ga kuma dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, sannan a sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Doka ce mai kyau, ta ceci rayuka. Amma kowane irin wannan majinyaci fayil ne, kowane fayil da hannun wani a ciki, kuma mai hannun nan shi za a nema ranar da magana ta kai gaban alƙali.

Abin da ya ƙara tunzura 'yan ɗakin su sistar shi ne wani saƙon murya da ya zo daga Ingila. Wata tsohuwar abokiyar aikinsu ce, 'yar Birnin Kebbi, da ta daɗe da komawa can. Ita ma takardar kotu ta same ta, sai dai tata daban ce. A can, manyan laifuka ba alƙali ne ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Mutum 12 ake ɗebowa daga cikin jama'a, ta hanyar ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe, 'yan shekara 18 zuwa 75, su zauna su saurari shaidu su yanke. Juri suke ce musu. Ɗan Najeriya da ke cikin rajistar, in ya yi shekara biyar a ƙasar, sunansa na iya fitowa. Da can likitoci da nas-nas suna da damar cewa a ɗauke musu, amma tun 2004 aka soke wannan gata, kowa sai ya je. Wanda ya yi biris da takardar ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000.

Da 'yan ɗakin suka ji haka sai suka fara yi mata jaje. Ta ce su riƙe jajensu. Takardar takan zo tun da sauran makonni. In ranar ba ta yi maka ba, kana da damar neman a ɗaga maka sau ɗaya zuwa wani lokaci cikin shekara. Zaman yawanci kwana goma ne na aiki. Dole wurin aikinka ya sake ka, kuma in albashinka ya tsaya saboda zaman, kotu na biyan har kusan fam 65 a rana, ban da kuɗin mota da na abinci. Ta ce tana kai takardar, mai tsara rosta ta cire sunanta daga makonnin gaba ɗaya, dare da rana, aka nemo wadda za ta cike gurbin. Majiyata ta ce da saƙon ya ƙare ɗakin ya yi tsit, sai hajiya mai littafi ce ta ce, "To su can da mi ake cin riba?"

Mu nan ba mu da wannan tsari. Legas ce ta yi shi tun zamanin Turawa, aka soke a shekarun 1970 lokacin mulkin soja. A Arewa alƙali muka sani, shi ke ji, shi ke yankewa. 'Yan uwanmu na zango a Ghana sun san shi, don can mutum bakwai ke zama a shari'ar kisa, kuma su ma sun taɓa ajiye aiki saboda an riƙe musu alawus, kada ku ɗauka ko'ina Ingila ce. Masu cewa a kawo mana juri Najeriya, ina roƙonsu su fara zuwa su ga yadda muke yi da mai shaida ɗaya tak kafin su tara mana goma sha biyu a benci.

Yanzu ku ƙara matsowa, don wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki biro. Wahalar nan ta koya wa wasu dabara, kuma dabarar ba ta da kyau. An ce a wasu ɗakuna, da an ga majinyaci ya shigo da ɗan sanda a bayansa, sai biro ya ɓace. Manya su tuna suna da aiki a ɗakin magani. A yi wa mutum duk abin da ya kamata, a ɗinke shi, a ba shi gado, wannan kam ba a fasawa. Amma wajen rubutu sai a turo sabuwar da aka ɗauka bana: "Zo ki cike nan, ki sa hannu, ai koyo kike." Yarinya ta sa hannu tana murna an yarda da ita. Bayan shekara masinja ya zo da sunanta, ta tsaya gaban lauyan da ya shekara ashirin yana birkita shaidu, ya tambaye ta faɗin rauni da zurfinsa, ta rasa ta cewa. Wasu kuma rubutun suke taƙaitawa: an kawo shi da rauni, an yi magani, an sallama. Babu lokaci, babu girma, babu wanda ya kawo shi. Rubutun da ba ya cewa komai ba ya jawo sammaci.

Wa abin ke ci? Yarinyar nan ce 'yar shekara tara da aka lalata, uwarta ta goyo ta daga ƙauye, wadda duk shari'arta ta rataya kan abin da aka gani aka rubuta a awannin farko. In rubutun ya zo a gurguje, ko mai rubutun ta gaji da zirga-zirga ta daina zuwa, lauya ya miƙe ya ce babu hujja, mutumin ya koma unguwa yana shan shayi a bakin titi. Sannan mu taru muna cewa kotu ta saki mai laifi.

Kuma kada a manta garuruwanmu ƙanana ne. Mai shaida da wanda ake ƙara a kasuwa ɗaya suke cefane, wataƙila ma akwai auratayya. An ba ni labarin wata da dattawa suka yi wa sallama bayan isha'i, da goro da lafazi mai daɗi: "Ɗiyarmu, ai munka ce a yi sulhu. Ke dai ranar ki ce aiki ya riƙe ki." Kun ga inda rosta ta zama mafaka. Wadda ba ta son zuwa tana da hujja a shirye, wadda take son zuwa ba ta da mai riƙe mata. Wannan dai ta je, an ce, ta faɗi abin da ta gani, kuma har yau akwai gidan da ba a amsa mata gaisuwa.

A ranar 30 ga Yulin 2025 ma'aikatan jinya na asibitocin tarayya suka shiga yajin aikin gargaɗi, suka janye ranar 2 ga Agusta bayan zama da gwamnati. Cikin buƙatunsu akwai alawus ɗin duti, da na yunifom, da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Duk daidai ne. Amma ranar kotu ba ta shiga jerin ba, ga shi ita ce wadda gyaranta bai kai sauran tsada ba. Ga yadda za a yi. Sammacin ma'aikacin asibiti ya bi ta ofishin shugaban asibiti tun da sauran mako biyu, a daina shelar sa a gaban majinyata. A lissafa ranar kotu a matsayin ranar aiki, wadda za ta je a cire ta daga dutin daren jiya da na yau. Alƙali ya fara da mai farin kaya ya sallame ta kafin sha ɗaya. In an san za a ɗage, magatakarda ya kira waya tun daren, lambar tana cikin fayil. A ba ta kuɗin motarta a hannu. Wanne ne a ciki yake buƙatar kwangila?

Gwamna Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ne na ƙasa, ya san abin da ake nufi da ma'aikaci ya yi aikin gwamnati biyu a biya shi ɗaya. Shugabannin ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta jiha, da ma'aikatar lafiya, da ofishin babban jojin jiha, duk a Birnin Kebbi suke, tsakaninsu bai wuce kuɗin kabu-kabu ba. Ku zauna wuni ɗaya ku fitar da takarda guda da metiron da magatakarda za su riƙa aiki da ita.

Ku kuma masu jinya, in kun ga masinja ya miƙa wa sista takarda, ku ajiye wayar nan tukuna, ku tambaya. Sau da yawa saboda ɗan wani irin naku za ta je. Masu kawo mini labari kuma ku ci gaba, sunanku ba zai fito ba. Hajiya mai littafi, ke ma an gaishe ki, a yi wa yaran nan rangwame.